Daminar da Aka Ɗauki Ɗakuna a Ka

Tun da ruwan daminar bana ya rushe ƙauyen da ke gabas da mu, ba na kwana biyu ban taka zuwa inda aka tsugunar da mutanensa ba, domin jikata tana cikinsu, ita da mijinta da 'ya'yanta ƙanana. Wani fili ne a gefen titin da ya nufi Makoda. An jera musu ɗakunan kwano da tamfol, layi bayan layi, a miƙe sambal kamar kunyoyin gyaɗa. Ba zan ɓoye alherin da na gani ba. An haƙa musu rijiyar burtsatse, an yi banɗakuna, an raba gidan sauro, har akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa tana duba masu juna biyu. Mu da muka taɓa irin wannan zama ko a mafarki ba mu ga waɗannan ba. Amma duk ranar da na je sai in tsaya ina kallon wurin. Ƙofar kowane ɗaki bayan ɗakin da ke gabansa take kallo. Inuwa babu, sai 'yar wadda kwano ya yi, ita kuwa zafi gare ta. Yara suna zaune a bakin ƙofa, kowa shi kaɗai, suna tonon ƙasa da tsinke, da zarar ɗaya ya miƙe sai ka ji uwar daga ciki tana cewa, "Dawo nan, ba ka ganin babura?"

Ran nan na tarar da wani saurayi yana awon fili da igiya, wai za a ƙara wasu ɗakunan saboda waɗanda har yanzu suke kwana a azuzuwan firamare. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, na ga kullum sai kin tsaya kina kallon wurin nan. Akwai abin da bai yi ba ne?"

Na ce, "Ɗan nan, komai ya yi, Allah ya saka muku. Hayaniyar yara ce kawai ba na ji."

Ya yi shiru yana saurare, can ya ce, "Wallahi kuwa, Hajiya. Kullum ina nan amma ban lura ba." Ya tambayi gidana, bayan kwana biyu sai ga shi da sallama. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi labarin da ko 'ya'yana ban taɓa zama na ba su daga farko har ƙarshe ba.

Ina famfara aka tashi garinmu. Ƙaramin gari ne a cikin kwari, gonaki sun kewaye shi har gindin katanga, ta yadda in gero ya yi tsawo baƙo sai ya zo dab da zaure kafin ya san akwai mutane. Na manta fasalin gidaje da yawa, amma sautin garin yana nan a kunnena. Da asuba kukan jakin maƙwabcinmu, sai guga tana bugun bakin rijiya, sai luguden taɓare daga wannan gida zuwa wancan, har mutum yakan iya cewa wannan dakan na gidan wane ne ba tare da ya leƙa ba. A tsakiyar gari akwai dandali da wata tsohuwar tsamiya, saiwoyinta sun fito waje sun yi sumul saboda zaman yara. Kowane lungu a nan yake ɓullewa. Ba a aiken yaro dandali, da ya iya tafiya ƙafarsa ce ke kai shi. A nan aka koya mini carafke, a nan na fara goyon 'yar tsana ta ƙashi, a nan aka fara marina na rama. Muna cikin haka aka ce gwamnati za ta datse kogi ta tara ruwa, kuma kwarinmu yana cikin inda ruwan zai kwanta. Manya sun daɗe suna maganar ƙasa-ƙasa, in muka matso su canza zance. Mu dai mun ga an daina yaɓe katangar da ta tsage, mun ga Baba ya sare kukar bayan gida da ko ganyenta ba ya bari a tsinka ba da izini ba.

Da bazara manyan motoci suka zo. Aka loda tukwane da tabarmi da damman gero da jinkar ɗakuna, aka kai mu wani tudu mai yashi, tafiyar hantsi daga garinmu, aka ce mu zauna na ɗan lokaci kafin a gama awon filayen da za mu yi gini. Ba wanda ya tsara komai, ba kuma don mugunta ba, kowa a rikice yake. Inda mota ta sauke mutum nan zai kafa bukkarsa. Direbobi kuwa sauri suke yi su koma su ɗebo wasu, don haka aka zube mu a bakin hanya, a jere, tun daga gindin tudun har inda ido ba ya kaiwa. Kowane magidanci ya kafa gofa, ya kewaya zana, ya ɗora jinka, ya ja darnin kara ya rufe iyalinsa. Sai da ƙura ta lafa aka ga abin da ya faru. Maƙwabcinmu mai jaki, wanda katanga ɗaya ta raba mu tun kakanni, ya faɗa can ƙarshen layi, bayan wani kwazazzabo. Hagu da damanmu mutanen wani ƙauye ne da shi ma aka tasa, ba mu san su ba, ba su san mu ba. Inna takan tsaya da kasko a hannu ta rasa gidan da za ta shiga ɗebo wuta. Ga motocin da ke kai duwatsu wurin aikin madatsar suna ta wucewa ta ƙofar bukkarmu, ga rijiyoyin da aka haƙa cikin gaggawa ko'ina baki buɗe. Sai aka kafa mana doka, ba mai fita. Muka zama kamar kaji a akurki.

Ina da ƙane, a lokacin bai isa shiga makarantar allo ba. Yaro ne mai surutu, tun da ya buɗe ido da safe bakinsa ba ya hutawa. Kakarmu, uwar Baba, wadda muke kira Iya, takan ce, "Maigidana, ka bar wa gobe sauran zancen mana." Abokinsa ɗan maƙwabcinmu ne mai jaki, mako ɗaya aka haife su, har nonon uwayen juna sun sha. Da muka koma tudu, kullum da safe sai ya tambayi Baba, "Yaushe za mu koma gida?" Baba yakan ce sai an jima, ko ya yi kamar bai ji ba. Wata safiya, Baba ya kwana yana fama da jinkar da iska ta yaye, yaron ya sake tambaya. Baba ya ce, "Babu wani gida. Nan ne gida. Kada ka ƙara tambayata." Bai ƙara ba kuwa. Daga tambayar ya daina, sai ya daina sauran magana. In an ba shi tuwo ya ci kaɗan, in an kira shi ya ɗago ido, amma ko uffan. Yakan zauna jikin darni ya sa ido a wata 'yar kafa yana kallon hanya. Aka yi masa rubutu ya sha, aka yi hayaƙi, Inna ta ce ko iskar sabon wuri ce ta shafe shi. Iya ba ta hana a yi magani ba, sai dai na sha ganinta tana kaɗi da mazari idonta na kansa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka a sababbin gonakin da aka yanka mana, aka shiga noman fari. Wata rana, washegarin wani ruwa mai ƙarfi, na kai wa Baba fura gona, na dawo wajen azahar. Inna ta tare ni ta ce, "Ina ƙanenki?" Na ce ai ni kaɗai na tafi. Ita ta ɗauka ya bi ni, Iya kuma ta ɗauka yana bayan ɗaki wurin Inna. Nan da nan wuri ya ruɗe. Aka aika gona, maza suka yar da fartanya suka sheƙo. Aka duba cikin gero, aka duba kwazazzabo, aka bi bukka-bukka. Abin da ba zan manta ba shi ne ganin Baba ya ɗaura igiya a ƙugu ana zura shi cikin rijiya, a fito da shi a tafi ta gaba, Inna na tsaye ta toshe baki da gefen zane. Da ya fito daga wadda ke kusa da mu, jikinsa duk laka, Iya ta dafa sandarta ta matso.

Ta ce, "Ku bar rijiyoyin nan. Ku je gida."

Baba ya ce, "Wane gida kuma, Iya? Yanzu muka fito daga ciki."

Ta ce, "Gida nawa yaron nan ya sani?"

Baba bai ko kwance igiyar ba ya zura da gudu, maza suka rufa masa baya. Ni ma na bi su, ba wanda ya lura da ni balle ya kore ni. Da muka gangara kwarin ban gane garinmu ba. Ɗakuna ba rufi, katangu sun narke sun zama tsibi, tafasa ta fito a tsakiyar zaurenmu. Ruwa ya riga ya shanye gonakin fadama da rijiyar gari, ya shigo lunguna, jajir, ba ƙara ba igiya, yana ɗauke da karare yana tafiya a hankali kamar mai neman wani. Dandali ya ɗan fi sauran gari tudu, don haka shi kaɗai ya rage, ruwa ya zagaye shi. Da safe da yaron ya shiga akwai hanya, yana ciki ruwan ya rufe bayansa. Can muka hango shi a kan saiwar tsamiya, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya fuskanci lungun da abokinsa yake fitowa. Ba kuka yake ba, ba kuma alamar tsoro a tare da shi. Zaune kawai yake. Wani ya buɗe baki zai ƙwala masa kira, Baba ya ɗaga hannu ya hana, kada ya firgita ya faɗa ruwa. Ya shiga a hankali, ruwan ya kai masa cinya, ya je ya durƙusa a gabansa, ya ɗauke shi ya saɓa a wuya. A hanyar dawowa ina bayansu, ina ganin kafaɗun Baba suna rawa a ƙarƙashin ƙafafun yaron. Ban taɓa sanin babban mutum yana kuka ba sai ran nan.

Washegari bayan sallar la'asar Iya ta yafa mayafi ta ce in riƙe mata hannu. Muka nufi filin da aka kewaye da duwatsu ana salla a ciki. Maza suna zaune ana ta jajanta wa Baba. Ta yi sallama, mai unguwa ya miƙe ya ce, "Iya, da kanki? Ai da kin aiko."

Ta ce, "Ɗan aike ba zai faɗa yadda nake so ba. Jiya Allah ya dawo mana da namu, mun gode masa. Na gobe ban san ɗan wa ba ne. An zube mu a bakin hanya kamar buhuna, mu kuma mun zauna yadda aka zube mu. Ku tashi ku mayar da kowa kusa da maƙwabcinsa, ku ja ɗakunan nan nesa da motoci, ku bar wa yara tsakiya."

Na ɗauka Baba ne zai fara goyon bayanta, sai ga shi shi ne ya fara musu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Zaman nan na 'yan watanni ne. Ciyawa ta ci gonaki, ƙasar nan ba mu san halinta ba, in muka saki noma yanzu me za mu ci baɗi? Wa zai tsaya tumɓuke bukkar da za a rushe da rani? Yaron zan sa masa ido, ko da zan riƙa tafiya da shi gona ne."

Iya ta dube shi ta ce, "'Yan watanni a wurinka. Kai ka ga damina da yawa, ka san wannan ma za ta wuce. Shi nawa ya gani? A wurinsa zaman nan shi ne duniyar gaba ɗaya. Ka hana shi tambaya, ya bari. Ƙafarsa ma za ka hana?"

Can maƙwabcinmu mai jaki ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai nawa ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun bara. Kunya ce ta hana ni faɗa." Wani daga mutanen ɗaya ƙauyen ya ce 'yarsa kullum sai ta farka da ihu. Wani ya ce nasa sun zama kamar zakaru, daga dambe sai cizo. Ashe kowa da abin da yake ɓoyewa a bayan darninsa. Liman ya ce to, a yi gayya, a ba abin kwana biyu, gona ba za ta gudu ba. Baba bai ce ya yarda ba, bai kuma ƙara musu ba. Ranar gayya shi ya fara cire gofar ɗakinmu.

Aka zaɓi wani wuri can ciki, nesa da hanya, inda wata babbar ɗorawa take. Iya da sauran tsofaffin mata suka shiga gaba da sanduna suna zane a yashi, suna gardama, wannan ta ce gidan wane a dama da gidan wane yake, waccan ta ce a'a, akwai gidan maƙeri a tsakani. Mutanen ɗaya ƙauyen aka ba su ɓangaren yamma, su ma tsofaffinsu suka jera su yadda suka saba. Sannan aka shiga ɗaukar ɗakuna. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Maza su shiga ƙarƙashin jinka, a ce "Ya Allah," sai ka ga rufin ɗaki ya tashi sama ya yi ƙafafu yana tafiya cikin gona, mai ganga na binsa, kaji na watsewa, wanda ke waje yana ihu, "Dama! Dama! Ku yi dama, za ku taka wake!" Wata jinkar ta suɓuce ta kife a kan wani gajeren mutum, aka ji muryarsa daga ciki yana cewa tunda ya samu ɗaki a bar shi a nan, a miƙo masa kunu. Mutane suka yi ta dariya har da masu zama a ƙasa. Tun da aka tashe mu ban ji dariyar manya ba sai ranar. Inna ma, da take rabon kunu, sai da ta ajiye ludayi ta share ido.

Da aka gama, sai ga ɗakuna sun yi zobe, kowace ƙofa tana kallon ɗorawa. Aka mayar da darni bayan ɗakuna, turakun dabbobi da makewayi ma duk a baya. Hanyar shiga ɗaya ce, a nan tsofaffin maza suka shimfiɗa buzu suna tufkar igiya, cikinsu har da wani makaho da ya san kowane yaro da takunsa. Ko rarrafe ka yi za ka ji ya ce, "Ɗan gidan wane, ina zuwa?" Rijiyoyin da ba a bukata aka cike su, wadda aka bari aka jera mata itace a baki aka kewaye ta da ƙaya. Wasu magidanta sun so su ƙi, wai yaya matansu za su zauna a fili ba shamaki. Aka sasanta a kan cewa daga hantsi zuwa la'asar tsakiya ta mata da yara ce, namijin da ya dawo da uzuri sai ya yi sallama daga bakin hanya ya zagaya ta baya. Sai mata suka mirgino turamensu gindin ɗorawa. A nan ake surfe, a nan ake tankaɗe, a nan ake tsinkar rama da zogale, a nan ake kitso, mu kuma muna gabansu cikin yashi. Uwa ba ta bukatar ta ce ina ɗana, ɗaga kai kawai za ta yi, in ma ba ta ɗaga ba wata ta ɗaga mata. 'Yan mata muna gaɗa da 'yar gala-gala, maza suna langa suna ƙera motocin kara, masu rarrafe suna bin kowa. In azahar ta yi, akushin da ya fi kusa da kai shi ne naka. Ba a yi sati ba muka daina cewa 'yan garinmu da 'yan garinsu.

Kada a ɗauka daɗi muke ciki. Ɗakunan suna yoyo, wani lokaci a tsaye ake kwana. Kunama ta harbe ni sau ba adadi. Zazzaɓi ya ɗauki jarirai a daminar nan waɗanda da yanzu ne allura ɗaya za ta tashe su. Geron da aka shuka bai yi ba, har sai da aka haɗa da tafasa da dusa. Na girma na yi aure kafin Inna ta gaya mini cewa ba ta taɓa shiga baƙin ciki irin na shekarar nan ba, wai takan shiga bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. Na yi mamaki, don ni in aka ce in zaɓi lokaci ɗaya a ƙuruciyata in koma, wannan zan zaɓa. Wahalar tana nan, amma manya sun tsaya a kewaye sun tare ta da bayansu, mu muna tsakiya. Yanzu kuwa ina duba jikokina da suke cikin gidajen bulo, da ƙofar ƙarfe, da fanka, sun fi mu ƙoshi, sun fi mu sutura, sun fi mu karatu nesa ba kusa ba. Amma babur ke kai su makaranta ya dawo da su, a turo ƙofa a sa sakata. Yaro ya san abin da ke faruwa a wata ƙasa ta cikin waya, bai san sunan tsohuwar da ke bayan katangarsu ba. Dakan ma inji ya karɓe, ba abin da zai fito da uwa waje balle ɗanta ya biyo ta. Ban ce a koma bukka ba, wanda ya kwana a cikinta da damina ba zai yi wa kowa wannan fata ba. Na dai san yaro bai san wani abu wai shi zaman wucin gadi ba. Inda ya wayi gari nan ne garinsu.

Ƙanena bai yi magana nan take ba. Ranar da aka haɗa shi da abokinsa, kallon juna kawai suka yi, suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna tara yashi. Haka suka yi kwanaki, ɗayan na ta zuba, shi yana miƙa masa kara da ƙaya. Wata rana da hantsi sun ƙera wata doguwar mota, har da tayoyin ɓawon kabewa, sai wata yarinya ta taho da gudu ana bin ta, ta taka ta. Sai muka ji wata murya a dishe ta ce, "Ke! Ba kya gani ne?" Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Ɗaya bayan ɗaya sauran taɓaren suka tsaya, har kukan kurciya a kan ɗorawa ana ji. Iya, ko ɗago kai daga kaɗinta ba ta yi ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ku ci gaba da dakanku. Kada wadda ta kalle shi." Aka ci gaba da daka, Inna tana yi hawaye na ɗiga cikin turmi. Shi kuwa yana can yana ta yi wa yarinyar masifa, sai ta biya shi motarsa. Bayan kwana biyu muna wanke kwanuka na tambaye shi me ya je yi tsohon gari. Ya ce, "Na je in jira su ne. Ba wanda ya fito."

Iya ba ta ga sabon gari ba. Ana cikin girbin dawa ta kwanta, ciwon kwana kaɗan, ta cika a cikin bukkarta, ƙofa a buɗe kamar yadda ta ce a bar mata, yara na wasa a gabanta. Da rani aka raba filaye. Ƙuri'a aka yi, amma magidanta suka yi ta musaya a tsakaninsu har kusan kowa ya koma gefen maƙwabcinsa. Aka shiga buga tubali, katangu suka fara tashi, dogaye, kowa yana ɗokin ya ga ya rufe gidansa. Inna har waƙa take yi tana ɗebo ruwan gini. Mu yara kuwa ranar da aka fara kwance zobe kuka muka yi ta yi, manya suna mana dariya, wai an ba mu gida muna kukan bukka. Wurin gona ne yanzu, gyaɗa ake shukawa, ɗorawar ma ta daɗe da faɗuwa.

Ina nan ranar da Baba yake ginin katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu mai jaki. Ni ke miƙa masa ruwa. Da ya zo tsakiya sai ya tsallake wani wuri bai sa tubali ba, ya ci gaba ta ɗaya gefen. Da ginin ya ɗan tashi ya kira ƙanena ya ce, "Zo ka tsaya nan." Ya tsayar da shi a cikin gurbin, ya ɗora tafin hannu a kansa, ya ƙara ɗani ɗaya a sama, ya gitta guntun azara, ya ci gaba da gini a kai. Maƙwabcinmu ya leƙo ta nasa ɓangaren ya ce, "Malam, tubali ne ya ƙare? Ai da ka yi magana, ina da saura."

Baba ya ce, "Bai ƙare ba."

"To wannan fa? Ko ni da nake gajere sai na yi rarrafe."

Baba ya goge hannu a jikin wando ya ce, "Ni da kai mu zagaya ta zaure mu yi sallama. Su ba sai sun yi ba."

Bai rufe baki ba yaran nan biyu suka kutsa ta ciki, ɗaya na bin ɗaya, suka dafa ɗanyen yaɓe suka bar shatin yatsunsu a jiki. Baba ya ɗebo laka zai shafe. Ya tsaya yana kallon wurin, sannan ya mayar da lakar cikin ƙwarya, ya ce in miƙo masa tubali na gaba.